Bakwainin da Ya Fita Daga Kwalba, Wa Ke Duba Ƙwaƙwalwarsa? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya da Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma kwamishinoni, iyayenmu likitoci, ina gaishe ku, ya aiki, ya kuma haƙuri da jama'a. Allah ya dafa muku.

Ni malamar makaranta ce, ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata a Kano, kuma uwar biyu ce. Shekara biyar ke nan da na haifi Hassan da Husaini, cikin yana mako 30, saura mako goma cif. Hassan ya zo da kilo 1.4, Husaini kilo 1.1. Na daɗe da wannan wasiƙa a raina. Abin da ya hana ni rubuta ta tun tuni shi ne gudun kada a ɗauka butulci nake yi wa mutanen da suka raya mini 'ya'ya da ikon Allah. Don haka zan fara da godiya.

Kwana 38 muka yi a ɗakin jarirai. Na koyi tatsar nono a kofi, ina kallo ana zuƙe shi da sirinji a tura ta siririyar robar da ke hancinsu. Na haddace ƙarar kowace na'ura. Wani dare aka ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi, kwalabe suka fara hucewa. Wata nas da ta kusa haifata ta ciro Husaini, ta zura mini shi cikin riga, fata da fata, ta ɗaure mu tare da zanena, ta ɗora Hassan a ƙirjin ƙanwata, ta ce, “'Yata, yau ke ce kwalbar. Kada ki kwance har gari ya waye.” Har na koma ga Allah ba zan daina yi wa baiwar Allahn nan addu'a ba.

Ranar sallama aka miƙo mini kati, an rubuta nauyinsu da ranakun rigakafi da ranar dawowa sau ɗaya. Na tambayi likita, “Ranka ya daɗe, za su tashi daidai da sauran yara?” Ya yi murmushi ya ce, “In sha Allahu, Maman biyu. Bakwaini ai kamowa yake yi.” Na tabbata da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai a cikin kwana 38 ɗin nan an auna jininsu, an auna sukarinsu, an haska su a wutar shawara, an saurari ƙirjinsu safe da yamma, amma ba wanda ya ɗora na'urar sikanin a maɗigarsu ya leƙa ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya. Ni ma ban san ana yi ba, balle in tambaya.

Da suka kai wata biyar da rabi, na fara ganin bambanci. In na kwantar da su rigingine a kan tabarma, Hassan ba ya zama wuri ɗaya: wuyan hannu yana juyawa, yatsun ƙafa suna motsi, kafaɗa, ƙugu, wuya, ko'ina mutsu-mutsu a hankali kamar ana kaɗa masa wani kiɗa da shi kaɗai yake ji. Husaini kuwa sai ya kwanta shiru, can sai jikinsa duka ya ƙandare lokaci guda, hannu da ƙafa, sannan ya saki lokaci guda. Surukata, Allah ya ji ƙanta, tana yabonsa, “Wannan mai haƙuri ne, ba ruwansa da rigima.” In ta riƙe shi ta hammata sai ya miƙe ƙafafu gam a kan cinyarta, ya tokare da yatsu. Ta ce, “Kun gani? Ƙafarsa da ƙarfi, shi zai riga ɗan'uwansa tafiya.” Duk gidan muka yi murna da abin da a gaskiya alamar ciwo ce.

Hassan ya zauna, ya yi rarrafe, ya yi tatata. Husaini bai zauna ba. In zan ɗaura masa nafkin sai na yi da gaske kafin in buɗe cinyoyinsa, in na ɗaga shi ƙafafun su harɗe kamar almakashi. Duk inda na kai ƙorafi amsar ɗaya ce: bakwaini ne, a ƙara masa lokaci. Da lokacin ya yi tsawo sai dangi suka karɓi maganar. Wannan ta ce inna ce ta taɓa shi, waccan ta ce sammu aka yi wa cikin. Aka yi hayaƙi, aka yi wanka da saiwoyi, aka kai mu wani ƙauye wajen mai magani har sau huɗu, na sayar da 'yan kunnena na gwal. Wata rana ina banɗaki na jiyo wata baƙuwa tana yi wa maƙwabciyata raɗa cewa irin waɗannan ai 'yan ruwa ne, bakin kogi ake kai su. A kan ɗan da na goya a ƙirjina dare da rana ake wannan magana.

Yana da shekara biyu da wata huɗu aka ba abin suna. Likitan yara ya ce CP ne, wato ƙandarewar gaɓoɓi da ke biyo bayan raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana ɗanya, abin da mutanenmu kan haɗa da wasu laluran daban su kira galahanga. Ya tura mu sashen gashi. A zuwanmu na uku, ma'aikaciyar gashin ta tambaye ni ko ina da hotunansa na jarirantaka. Ina da su, domin mahaifinsu yana aiki a Fatakwal a lokacin, kullum sai na ɗauki bidiyo na tura masa ta WhatsApp. Na lalubo wani na kusan minti uku, su biyun a kan tabarma, daga su sai nafkin. Ta kalla har ƙarshe ba ta ce komai ba. Ta maimaita. Ta tambayi watanninsu a ranar, ta cire mako goma a takarda, ta ce, “Mako goma sha huɗu ke nan a lissafin gyara.” Sannan ta juyo mini da wayar ta ce, “Maman biyu, bidiyo ɗaya ba ya yanke hukunci. Amma kalli hannun wannan, ki kalli hannun wannan.” Abin da idona ya gani shekara biyu da suka wuce, na rasa sunansa, ashe yana da suna, akwai masu karanta shi, kuma yana cikin wayata duk tsawon lokacin da muke yawon ƙauyuka.

Daga ranar na shiga karatu, abin da na samu shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na san kun fi ni saninsa nesa ba kusa ba, likitoci. Ina maimaita shi ne saboda masu girma kwamishinoni da ke riƙe da kasafi, da kuma iyaye irina da za su karanta.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2023 ya ce jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 a shekarar 2020, kusan ɗaya cikin kowane goma. Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da 700,000 a shekara guda. Kuma ana samun ci gaba wajen raya su, da hannun likitocinmu a ciki. Goyon ƙirji da aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, an gwada fara shi nan take bayan haihuwa a asibitoci biyar, ciki har da na koyarwa na Ile-Ife da na Komfo Anokye a Kumasi, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. A 2020 wani gwajin da Najeriya ke ciki ya tabbatar da cewa allurar dexamethasone ga mai naƙudar da ta zo da wuri tana rage mutuwar jarirai. Ke nan bakwainin da a da ba a ko sayen ragon sunansa, yau yana komawa gida a raye. Yawan masu rayuwa kuwa shi ne yawan waɗanda ke buƙatar a bi sawunsu.

Ƙwaƙwalwar ɗan mako 30 ba ta gama shiri ba. A tsakiyarta, gefen ramukan da ruwan ƙwaƙwalwa ke taruwa, akwai wani wuri mai cike da jijiyoyin jini sirara ƙwarai, masu saurin fashewa in numfashi ya rikice ko bugun jini ya hau ya sauka. Yawancin zubar jinin nan a kwana ukun farko take faruwa, sau da yawa ba tare da wata alama a waje ba. Tun 1978 likita Lu-Ann Papile ta kasa ta mataki huɗu, na ɗaya da na biyu masu sauƙi, na uku da na huɗu masu haɗari. Akwai kuma raunin farin sashen ƙwaƙwalwa, igiyoyin da ke kai saƙo zuwa gaɓoɓi. Igiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu su ne mafi kusa da ramukan nan, shi ya sa bakwaini da yawa ƙafa ce ke ƙandare musu fiye da hannu, kamar Husaini. Wannan raunin ba ya bayyana a ranar farko, sai bayan makonni ake ganin 'yan ramuka a wurin. Saboda haka sikanin ɗaya bai isa ba: ana yi a makon farko, a maimaita wajen wata guda, a sake yi dab da ranar da ya kamata a haifi yaron.

Allah ya bar wa jariri taga a tsakar kansa. Kakanninmu ma sun san maɗiga wurin dubawa ce, suna taɓa ta su ce ta faɗa ko ta kumbura. Ta nan ake ɗora ɗan ƙaramin kan na'ura a ga cikin ƙwaƙwalwa, a gefen kwalba, cikin 'yan mintuna, ba allura, ba haskawa mai cutarwa. Abin da ke ci mini rai shi ne na'urar sikanin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kusan kowace unguwa a birnin nan akwai inda mai ciki za ta je a gaya mata mace ce ko namiji. Ni kaina sau huɗu aka yi mini. Ana leƙa yaro yana ciki, ya fito da wuri yana cikin haɗari a daina leƙa shi. Abin da ya rage shi ne kan na'urar da ya dace da maɗiga, da hannun da aka horar, da doka a rubuce cewa duk wanda aka haifa ƙasa da mako 32 ko ƙasa da kilo ɗaya da rabi sai an yi masa kafin sallama. Ko tef irin na tela yana da aiki a nan: auna kewayen kai duk mako shi ke tona ruwan da ke taruwa bayan zubar jini, tun kan bai yi girman da kowa zai gani a hanya ba.

Ba MRI nake roƙo ba, wato babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Na san ya fi sikanin gani, na kuma karanta binciken 2006 da aka yi kan jarirai 167 a Niw Zilan da Ostireliya, wanda ya nuna hoton da aka ɗauka daidai lokacin cikar wata tara yana hasko matsalar motsi da ta fahimta a shekara biyu. Amma na san tsadarsa, na san ƙarancinsa, na san ba a ɗaukar jariri mai robar oksijin a hanci a tsallaka gari da shi. An ƙera wata ƙaramar na'urar MRI mai taya da ake turawa har gefen gado, an gwada ta a birnin Blantyre na Malawi. In ta iso mu, madalla. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu.

Wannan mutsu-mutsun na Hassan, wani masani ɗan Ostiriya mai suna Heinz Prechtl ya shafe shekaru yana nazarinsa. Ya fara ne da nazarin ɗabi'ar dabbobi, inda ya koyi zama ya zuba ido ba tare da ya taɓa ba, sannan ya juyo kan jarirai. Ya gano cewa jariri mai lafiyar ƙwaƙwalwa yana da salon motsin da yake yi don kansa, kuma salon yana sauyawa da lokaci. Daga mako tara zuwa ashirin bayan ranar da ya kamata a haife shi, ƙananan motsi masu zagaye suna mamaye jikinsa in yana farke. In babu su a wannan tsakanin, ko kuma tun kafin nan jiki yana ƙandarewa gaba ɗaya ya saki gaba ɗaya, to akwai abin dubawa. A 1997 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon jarirai 130 a mujallar Lancet. Cikin 70 da ke da motsin yadda ya kamata, 67 sun tashi lafiya lau. Cikin 60 da motsin ya ɓace ko ya gurɓace, 57 sun samu matsala, 49 daga cikinsu CP. A 2017 ƙwararru daga ƙasashe da dama ƙarƙashin Farfesa Iona Novak ta Ostireliya suka tattara binciken da aka yi, suka ce babu dalilin jira sai yaro ya shekara ɗaya ko biyu, ana iya gane CP tun kafin wata biyar. A lissafinsu kallon motsin nan yana kama kashi 98 cikin ɗari na masu lalurar, gwajin Hammersmith da likita ke yi da hannu da ido kashi 90, MRI kashi 86 zuwa 89, kuma in an haɗa su sun fi ƙarfi.

Ku duba kayan aikin da ake buƙata. A kwantar da yaro rigingine a kan farin zane, yana farke, ba ya kuka, ba komai a bakinsa, ba mai yi masa wasa, a ɗauke shi a bidiyo minti uku zuwa biyar. Shi ke nan. A Ostireliya har manhajar waya suka yi, Baby Moves, iyaye su ɗauka a gida su tura. Gwajin Hammersmith kuma, wanda aka tsara a wani asibiti a Landan, abubuwa 26 ne ake dubawa da hannu da ido, a ba da maki har 78, ana yin sa daga wata biyu zuwa shekara biyu, ba ya wuce minti goma a hannun wanda ya saba. Tsadar duka tana wajen horar da ido. Kwas ɗin farko na karanta motsin bai kai mako guda ba. Da kowace jiha za ta horar da mutum huɗu ko biyar, likitan yara da nas da ma'aikatan gashi, ta ba su lambar waya ɗaya da aka buga a katin sallama, da uwar da ke Rano ko Gumel ko Illela ba sai ta biya kuɗin mota ba kafin ƙwararre ya ga ɗanta. A tsare bidiyon da amana, domin tsiraicin 'ya'yan mutane ne, kada ya zama abin yawo a waya.

Akwai wani ƙaramin abu da ba ya cin ko sisi: a rubuta shekarun gyara a katin bakwaini, a koya wa uwa da ma'aikaciyar rigakafi yadda ake cire makonnin da suka rage. Rashin wannan yana cutarwa ta fuska biyu. Ana ta da hankalin uwar da ɗanta lafiyarsa ƙalau don bai zauna a wata shida ba, ana kuma kwantar da hankalin irina da “zai kamo” har abin ya wuce gona da iri. Yaron da ya zo da saura mako takwas ko goma, lokacin ɗaukar bidiyonsa yana faɗowa ne wajen wata biyar zuwa shida da haihuwa, dab da zuwan da ake yi karɓar sinadarin bitamin A. Uwar tana zuwa da ƙafarta. A tare ta a nan.

Na san abin da wasunku za su ce, domin wani likita ya faɗa mini a fuskata, kuma ban ga laifinsa ba: mene ne amfanin gaya wa uwa abin da ba mu da maganinsa? Ranka ya daɗe, ban taɓa cewa da an gane da wuri Husaini zai warke ba. Inda ya mutu a ƙwaƙwalwa ya mutu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a shekara biyun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi iya buɗe sababbin hanyoyi in ana motsa ta. Da na sani, da na koyi yadda ake kwantar da shi da ɗaukarsa da goya shi, da wasan da zai sa ya miƙa hannu da kansa, maimakon tsayar da shi a kan yatsu da muka yi ta yi muna tafi. Ranar da aka fara ɗaukar hoton ƙugunsa, ƙashin cinyar hagu ya riga ya fara zamewa daga gurbinsa. A kudancin Suwidin sun fara bibiyar ƙugun irin waɗannan yara a kai a kai tun 1994, gocewar ƙugu ta sauko daga kashi takwas cikin ɗari zuwa ƙasa da ɗaya. Sannan ku sa kuɗin da shekara biyun nan suka ci a lissafi, da hayaƙin da yaro mai raunin huhu ya shaƙa, da aurarrakin da ke mutuwa saboda an ce daga dangin uwa abin ya fito. Inda likita ya yi shiru, wani ne zai yi bayani, kuma mun ga irin bayanin da ake yi.

Duk da haka ina roƙon ku da ku yi taka-tsantsan da harshe, don na san garinmu. Hasashe ba hukunci ba ne. Yara da yawa masu zubar jini mataki na ɗaya ko na biyu suna tashi ba abin da ya same su, akwai masu mummunan hoto da suka ba likitoci mamaki, akwai kuma masu kyakkyawan hoto da sai an shiga aji matsalar karatu ko ta natsuwa ke fitowa. Kallon motsi ya fi ƙarfi a kan CP, bai kai haka ba a kan magana da fahimta. Hassan da ya tsira daga ƙandarewa, sai da ya kusa shekara uku kafin ya haɗa jimla, don haka shi ma ɗan bibiya ne. Alƙaluman da na kawo kuma yawancinsu daga ƙasashe masu hali aka samo su, inda shawara mai tsanani da cutar sanƙarau da tamowa ba sa yi wa jarirai irin ɓarnar da suke yi mana. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, muna da masu digiri a fannin gashi da ke fitowa duk shekara. Ku bi yaranmu, ku ƙirga, ku fitar da namu alƙaluman. Malawi ta tsara ma'aunin ci gaban yara da ya dace da ƙauyukanta tun 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata na yaran da ba su kai shekara uku ba a 2023. Ba daga sifili za a fara ba.

In aka ce wa iyali kai tsaye “ɗanku zai nakasa”, akwai gidan da daga ranar za a daina wahala da shi, a rage masa nono, a mayar da hankali kan ɗan'uwansa. Wannan ma na gani da idona a layin gashi. Don haka ƙungiyarku ta zauna da masana Hausa da malamai da iyayen da suka bi ta wannan hanya, a fitar da kalmomin da za a riƙa amfani da su, kowa ya san su tun daga babban likita har ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye. A kira uba ya zauna, a kira kaka in da hali, don su ne masu yanke shawara a gida. A ce musu mun ga alamar da ke nuna wannan yaro yana buƙatar taimako fiye da ɗan'uwansa, ga abin da za mu fara yau, ga ranar da za mu sake dubawa. In wani ya ce sanin gaibu sai Allah, a ce haka ne, a tuna masa cewa ranar awo da aka ce jinin matarsa ya hau aka ba ta magani, bai ce an shiga gaibu ba. Ban daina yi wa Husaini addu'a ba ko dare ɗaya, ban kuma fasa kai shi gashi ba ko mako ɗaya.

Masu girma kwamishinoni, ɓangarenku shi ne kada a gano a bar mutane da kuka. Gwaji ba tare da wurin turawa ba zalunci ne. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa ba su da ma'aikacin gashi ko ɗaya, alhali matasan da suka karanta fannin suna zaune ba aiki ko suna neman hanyar fita waje. Ku ɗauke su. A ware rana ɗaya a mako ta zama ranar bakwaini, inda za a auna kai da nauyi, a yi gwajin Hammersmith, a tabbatar an duba ido saboda makantar da ke kama bakwainin da ya sha oksijin, a gwada ji musamman ga wanda ya yi shawara mai tsanani, iyaye mata kuma su zauna tare su koyi atisayen da za su yi a gida. A Yuganda shirin Baby Ubuntu da iyaye mata ake gudanar da shi, waɗanda suka riga shiga lalurar suna koya wa sababbi. Mu ma muna nan, a kira mu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci an sa mata hannu tun Janairun 2019. A sa sikanin maɗiga da bibiyar bakwaini har shekara biyu cikin abin da ake biya. Ku kuma tuna wa ɗakunan haihuwa cewa magnesium sulphate da suke ajiyewa don jijjigar masu ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 a ba mai naƙuda ƙasa da mako 32 don kare ƙwaƙwalwar jaririnta. Yana cikin kabad ɗinsu.

Husaini yanzu yana tafiya da keken koyon tafiya da wani mai walda a unguwarmu ya haɗa masa bisa zanen da ma'aikaciyar gashi ta yi. Ya haddace daga Nasi zuwa Lam yakun, ya fi Hassan riƙe karatu, kuma shi ke gyara masa. An ce ƙugun zai buƙaci aiki, muna tara kuɗin. Makon jiya a layin gashi wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha tara ba ta zauna kusa da ni, ta zo rakiyar yayarta, da jaririnta a baya, ta ce shi ma a kwalba ya yi wata guda. Na tambaye ta watanninsa, na cire makonnin a tafin hannuna, ya kama mako goma sha uku. Na ce ta shimfiɗa zanenta a kan benci ta kwantar da shi, na ɗauka da wayata minti uku, muka jira ma'aikaciyar gashi ta gama da wanda ke hannunta. A katin yaron babu inda aka rubuta makon da aka haife shi.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Uwar biyu, Kano.